Giram takwas a tan guda: jan ƙarfe a abincin kaji

Ƙannena masu haɗa abincin kaji da kanku, na ga yawancinku kuna maimaita kuskuren da na fara da shi: idan masara ta yi tsada a kasuwar Sabon Gari, firimis, wato haɗin garin bitamin da sinadarai, ake fara ragewa, don ba ya cika buhu. To a cikinsa jan ƙarfe yake, kuma kaza ba ta yin jini sai da shi.

Hantar kaza tana sarrafa wani furotin mai suna seruloflasmin, ta ɗora masa jan ƙarfe, ta sake shi cikin jini. Wannan furotin ne ke juya sinadarin ayon zuwa yanayin da za a iya ɗaukarsa zuwa ɓargo, inda ake yin jajayen ƙwayoyin jini. Idan jan ƙarfe ya yi ƙaranci, ayon yana nan jibge a hanta amma ba mai fito da shi. Sai zanko ya koɗe, kaza ta yi laushi, mai kiwo ya yi ta ɗura mata maganin ƙarin jini a banza. Na yi wannan asarar. Amma kafin ku zargi abinci, ku fara duba kashin kajin ko da jini, ku ɗaga fuka-fukai ko da ƙwarkwata, domin su ne suka fi kawo koɗewa.

Abin bai tsaya a jini ba. Jan ƙarfe ne ke ƙarfafa bangon babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, da ƙashi, da 'yar fatar nan ta cikin ɓawon ƙwai. Ƙwai mai yamutsattsen ɓawo, ko kaza mai ƙiba da aka tsinta a mace da jini kwance a cikinta, duk suna iya komawa nan. Irin wannan gawar a kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya a buɗe tun ba ta ruɓe ba.

Kajin nama miligiram 8 na jan ƙarfe suke buƙata a kowane kilo na abinci, wato giram 8 a tan, buhu 40 masu kilo 25. Hannu ba ya auna wannan. Yawancin firimis kilo 2.5 ake sawa a tan, giram 250 ke nan a kilo 100, amma ku karanta jikin ledar. A cuɗa shi da kilo biyu na dusa tukuna, sannan da kilo goma, sannan a watsa cikin sauran. Zuba shi kai tsaye kan tulin masara yana sa wata ta ci da yawa, wata ta rasa.

Kuskurena na biyu ya fi muni: barbaɗa shuɗin garin nan, kofa salfet, da ka. Kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa jan ƙarfe ne. Idan jan ƙarfen ya haura miligiram 250 a kilon abinci, yana cinye fatar cikin ƙundu, ya sa gyambo a baki, ci ya ragu. A ruwan sha kuma yana cin mazubin kwano.

Ragowar da jiki bai ɗauka ba tana fita a kashi. Don Allah kada ku sayar wa masu kiwon ragunan layya kashin kajin da aka ba kofa salfet don su haɗa a abincin ragunan. Tunkiya ba ta iya fitar da jan ƙarfe kamar kaza. Yana taruwa a hantarta shiru na makonni, rana ɗaya ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja-baƙi, rago ya faɗi ana saura kwanaki Sallah.