Kachala da Ruwan Kogin Haɗejiya

Duk wanda ya ratsa fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru zai ga kachala ta fi tsawon mutum, ta mamaye wuraren da a da ake noman shinkafa da kamun kifi. Mutane da yawa suna kallon wannan ciyawa kamar annobar da ta sauko ba zato, amma a ganina yadda muke sarrafa ruwan kogin ne ya ba ta wurin zama.

Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin Haɗejiya yana da lokutansa da kowa ya sani. Da damina yakan cika ya malale fadamu, da kaka ya janye, da rani kuma ƙasa ta bushe har ta tsage. Manomi yana girbe shinkafarsa, masunci ya tare kifi yayin da ruwa ke komawa, a shuka wake a danshin da ya rage, sannan makiyayi ya kawo shanunsa su ci ɗanyar ciyawa, duk a kan fili ɗaya.

Madatsun sun rage ambaliyar damina, kuma saboda noman rani da ruwan shan birnin Kano sai aka koma sakin ruwa har a watannin da kogin ya saba ƙafewa. Kachala ba ta son komai kamar ruwa mara zurfi wanda ba ya bushewa. Da ta samu haka sai ta yi kaka-gida, saiwoyinta suka riƙe laka, hanyoyin ruwa suka toshe, kwale-kwale ya kasa wucewa. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata zuwa mashigar Marma, wani reshe na kogin, da tafkin Nguru yana cinye gonaki, alhali mutanen Gashuwa da Gaidam, waɗanda ke dogaro da kogin Yobe, ba sa samun rabonsu kamar da. Ga kuma tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikin kachalar, su tashi da safe su auka wa gonakin shinkafa da gero.

Ba ina nufin madatsun ba su da amfani ba, domin manoman rani na Kadawa a jihar Kano, da ke samun ruwa daga Tiga, shaida ne. Abin da nake ƙalubalanta shi ne a buɗe ƙofar dam ba tare da la'akari da mutanen da ke ƙasan kogin ba. Yankan kachala da lauje, ko ma da injin, aiki ne da za a maimaita kowace shekara muddin ba a bar ƙasa ta bushe da rani ba, a kuma saki ruwa mai yawa da damina yadda zai yi kama da ambaliyar asali.

Tun 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, kuma a 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da waɗannan koguna. Jarrabawarsu ita ce madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana maganar ginawa a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ke kai mafi yawan ruwan da ke isa Yobe a yau.