Mahaɗin Salak da Khal ɗin Heres: Yadda Muke Haɗa Shi

Yawancin masu shigowa shagonmu salak da bama suka sani, sai kuma kwaɗon da ake yi da ƙuli-ƙuli. Mu abin da muke alfahari da shi daban ne: mahaɗi na man zaitun da khal ɗin Heres (khal shi ne ruwan tsamin nan da ake ce wa vinegar), wanda ba ya lulluɓe ganye, ɗanɗanonsa yake fito da shi.

Khal ɗin nan daga kudancin Sifaniya yake zuwa, yankin Andalus, tsakanin garin Heres da Sanlukar da El Puerto a lardin Kadis. Daga ruwan inabi ake yinsa, a tsima shi cikin gangunan katako da aka jera hawa-hawa. Ana ɗiban na sayarwa daga layin ƙasa, a cike gurbinsa da na layin sama, shi ya sa kowace kwalba take da tsoho da sabo a haɗe. Mafi ƙaranci wata 6 yake yi a ganga. Mai tambarin Reserva shekara 2, Gran Reserva kuwa 10. Reserva muke amfani da shi. Gran Reserva a salak asara ce, ɗigo ake yi da shi a kan gasasshen nama. Tun da asalinsa giya ce ta rikiɗe ta zama khal, muna faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, mu haɗa masa da khal ɗin tuffa.

Ga ma'aunin kwalba ƙarama. Khal cokali 2 na cin abinci, wato mililita 30. Man zaitun cokali 8. An saba cewa mai kashi uku, khal kashi ɗaya, amma wannan na khal mai tsami kashi 5 cikin 100 ne. Na Heres 7 ne ko fiye, don haka huɗu da ɗaya ya fi zama daidai. Sai mustad (kwaɓaɓɓen kayan ɗanɗanon nan rawaya mai ɗan yaji) cokalin shayi 1, zuma rabin cokalin shayi, gishiri, masoro, da ƙaramar jar albasa guda, a yanka ta sala-sala sannan a daddatsa.

Wajen jerin zubawa ake gane gwani. A fara jiƙa albasar cikin khal da gishiri na minti 15. Gishiri ba ya narkewa a mai, in aka bar shi sai ƙarshe za a ji shi ƙus-ƙus a haƙori. Jiƙon kuma shi ke kashe yajin albasa, har ka ga ruwan ya ɗan yi ja-ja. Sai mustad da zuma, a juya. Daga nan a riƙa tsiyaya man siriri kamar zare, ɗaya hannun yana kaɗawa da maburgi ba tsayawa. Mustad ne ke riƙe mai da khal kada su rabu. Idan ya haɗu zai yi kauri ya dushe, ya kama bayan cokali. In ya tsinke, mai ya taso sama, kada a zubar: a sa ɗan mustad a wani kwano, a riƙa zuba tsinkakken a kai kaɗan-kaɗan ana kaɗawa. Injin markaɗe kuwa ba ma kusantarsa, don yana sa man zaitun mai kyau ya yi ɗaci.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne 'yan jabu. Farin khal na araha za su rina da ƙonannen sukari, su zuba man girki, su sayar rabin kuɗinmu. Sai Hajiya ta zo tana cewa ai ga shi can da sauƙi, a rage mata. Hajiya, buɗe ki sansana. Na gaske ƙamshin katako da soyayyar gyaɗa yake yi, na jabu hanci kawai yake soka. A jikin kwalbar asali za a ga an rubuta Vinagre de Jerez, wato khal ɗin Heres da Sifaniyanci, tare da hatimin hukumar yankin. Dillalan man zaitun ma sai an sa musu ido, don haka kowane kwali sai mun ɗanɗana kafin mu biya.

Wajen ci, latas sai ya tsane sarai, in da ruwa a jikinsa mahaɗin zamewa zai yi ya taru a gindin kwano. A zuba dab da kai wa tebur, in ba haka ba ganyen ya yi laushi. Kabeji da karas su kam suna son a ba su rabin awa su sha. Dafaffen dankalin Turawa a zuba masa tun yana da zafi. Mutanen Kadis suna yanka tumatir da koren tattasai da albasa su haɗa da irin wannan khal da mai, su ci da gasasshen kifi, kuma da tarwaɗarmu ma yana tafiya.

A ajiye a kwalbar gilashi cikin firji, kada ya wuce mako guda saboda ɗanyar albasar da ke ciki. Sanyi kan sa man ya daskare, ba lalacewa ya yi ba. A fito da shi minti 20 kafin ci, a girgiza sosai.