Takin rami a zafin Sakkwato

Duk wanda ya taɓa shuka a jigawa irin tamu ya san halinta. Ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta shanye, ganye ya langaɓe. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki a Mabera inda nake sa zogale, alayyafo, yakuwa da tattasai, ga jajayen awakinmu a turke. Buhun takin zamani ya yi tsada, kuma ko an saya, abinci kawai yake ba shuka, ba ya sa rairayi ya riƙe ruwa. Ruɓaɓɓen taki ne ke wannan aikin, shi ya sa na duƙufa a kansa.

Mutane da yawa in ka ambaci taki sai su nuna maka juji. Juji daban, taki daban. Abin da ake tarawa a bakin ƙofa, rana ta doke shi wata da watanni, bushewa yake yi, bai ruɓa ba. Ga leda, ga mataccen batir, ga fasasshiyar kwalba, ga irin ƙarangiya da ransa yana jiran damina. In ka kai shi gona, ciyawa ka shuka da hannunka.

A rami nake yin nawa, ba tsibi a fili ba. A inda ake samun ruwan sama da yawa tsibi ya fi, amma mu da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga iskar hunturu mai busar da komai, tsibi ba ya daɗewa da laima. Na haƙa ramuka biyu dab da juna a inuwar dogonyaro, faɗin kowanne kamar mita 1, zurfinsa ya ɗan wuce gwiwa, nesa da rijiya don kada ruwansa ya tsiyaya ciki. Na biyun don juyi ne.

A ƙasa nakan shimfiɗa sassararren karan gero don iska ta samu hanya. Daga nan sai hawa-hawa. Busasshen abu da farko: ganyen da aka share a tsakar gida, ƙaiƙayi, buntun shinkafa. A kai sai ɗanye: kashin awaki, ɓawon dankali da na kankana, ragowar ganyen miya, da ruɓaɓɓiyar albasa wadda a garin nan ba ta wuyar samu. Busasshe kashi 2 ko 3, ɗanye kashi 1. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da shi, kuma suna bukatar duka biyun. Busasshe ya yi yawa, aikin ya tsaya cik. Ɗanye ya rinjaya, ya caɓe ya yi ɗoyi. Nama, ƙashi, miya mai maiƙo, kashin kare ko na kyanwa ba sa shiga ramina, saboda ɓera da cuta.

Batun toka kuwa, wani dattijo mai noman albasa a fadamar Kwalkwalawa ne ya gargaɗe ni tun kafin in fara. Ya ce, "Ɗana, in ka zuba toka bisa ɗanyen kashi, ƙarfin taki ka tashi sama." Gaskiyarsa. Toka na sa sinadarin da ke sa ganye ya yi kore ya fice a iska, wannan zarnin da ke shiga hanci shi ne ke tafiya. Yanzu ɗan barbaɗe nake yi a kan busasshen hawa, sauran in ajiye in zuba a gindin shuka daban.

Ruwa shi ne kan maganar a Sakkwato. Kowane hawa sai na yayyafa masa kafin in ɗora na gaba, domin in aka cika rami a bushe sannan aka kwarara daga sama, ruwan gefe yake bi ya zurare, tsakiya ta zauna ƙamas. Busasshen kashin awaki ma taurin kai gare shi, yana iya wata biyu a rami yana nan ƙwaya-ƙwaya. Sai na jiƙa shi a bokiti ya kwana, in murtsuke, sannan ya shiga. Gwajin danshi a hannu yake. Ka damƙi takin ka matse: ya dunƙule kamar garin da aka yayyafa wa ruwa za a turara dambu, tafinka ya yi laima amma ba ya ɗiga. In ya warwatse, ƙishi yake ji. In ruwa ya biyo yatsu, a ƙara busasshen ganye.

Mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa zai ce ina shi ina shayar da rami. Ni ban taɓa saya masa jarka ba. Ruwan wankin shinkafa da na gero, da na ɗaurayar kayan miya, da na alwala da muke tarawa a roba, su ke isarsa. Uwargida ce ta sa wannan doka a gidan, har yara sun san bokitin rami. Ruwan sabulu da na wanki ne kawai ba a kai masa. Bayan an shayar sai rufi, tsohuwar tabarma ko buhunan algarara, a ɗora kara. Ramin da ba rufi a watan Maris, aikin banza ne.

Kwanaki kaɗan bayan cikawa zai ɗauki zafi. Ina da guntun rodi da nake sokawa a tsakiya in bar shi ɗan lokaci. In na zaro na ji ba ya riƙuwa a hannu, raina ya yi fari. Zafin taki mai aiki yakan kai digiri 55 zuwa 65, kuma shi ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Ranar sanyi da sassafe in ka ɗaga tabarmar har tururi za ka gani. Idan rodin ya fito da sanyi tun a makon farko, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabba bai isa ba.

Duk bayan kamar mako 2 nakan kwashe da shebur zuwa ɗaya ramin, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, ina yi ina yayyafi. Aiki ne mai cin baya, da asuba nake yinsa, kuma ba na sa hannu tsirara a ƙarƙashin rufin saboda kunama na son wurin. In na ga gara ta yi yawa, na san ramin ya bushe. Gwazarma kuwa tsince ta nake in watsa wa kaji.

Da damina lissafin juyawa yake. Ruwan Agusta kan cika rami ya toshe iska, sai in ja ɗan tudu kewaye da bakinsa, in kifa tsohon kwano a sama.

Cikin wata 2 zuwa 3 ya nuna. Ya yi baƙi-baƙi, yana marmashewa, zafin ya sauka, ƙamshinsa na jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ka gane ganye ba ka gane kashi. Wanda bai nuna ba kada a yi gaggawar kai shi ga shuka, yana ƙona saiwa. In ina shakka nakan cika gwangwani in shuka alayyafo, in ya tsiro lafiya shi ke nan. Ba na watsa shi a fili rana ta cinye. Cikin hannu biyu nake zubawa a kowane gurbi, in gauraya da ƙasa, in rufe da ciyawa. Fangalin da ya sha taki yanzu yana kai yamma da danshinsa, wanda a da sai an ba shi ruwa safe da yamma.

Mai son farawa ya fara bayan girbi, wajen Nuwamba, lokacin da kara da ƙaiƙayi ke ko'ina. Zai kwashe na farko kafin bazara ta yi tsanani, ya sake cikawa ya samu na biyu daidai saukar damina a Yuni.