Godiya ga mutum ukun da suka kawo Inna Sakkwato

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya an sallami Inna daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Yanzu haka tana ɗakinta, ta sha kunu ta yi barci. Kun san yadda kwana 19 ɗin nan suka kasance, ba sai na maimaita ba, ƙarfin ma babu.

Likitoci da ma'aikatan jinya na gode musu baki da baki. Waɗanda ban samu na gode wa ba su ne mutum ukun motar asibitin da ta ɗauko mu daga Tambuwal ranar da numfashinta ya sarƙe, ana cikin azumi. Suna miƙa ta a sashen gaggawa suka juya. Da na ce zan rubuta sunayensu, Sista ta ce in bari, aikinsu ne. To na bari, amma Baba direba, da ke Sista, da kai ƙanena mai riƙe da tukunyar iska, kun san da ku nake.

Tafiyar kusan kilomita 100 ce. Da aka turo gadon nan mai taya, wallahi makara ya yi min kama, sai da na kau da kai. Kafin a tada mota Sista ta sa yaron ya duba tukunyar oksijin ta biyu, ya duba, ta ce ya sake. A raina na ce wannan ɓata lokaci ne. Allah ya yafe min.

Mun wuce Shagari kaɗan allurar tukunyar farko ta yi ƙasa. Ɗan abin auna iskar jini da aka maƙala wa Inna a yatsa yana nuna 92, ina kallo ya koma 88, ya koma 84. Dole a cire kan tukunyar a mayar a kan ɗayar, mota kuma na gudu. Hannun yaron ya kama rawa, sifana ta suɓuce ta shige ƙarƙashin gado. Ni dai salati kawai nake yi.

Baba direba ya ce, "In tsaya?"

Ta ce, "A'a Baba, rage dai."

Ta ɗora wa Inna robar nan da ake matsawa da hannu, tana matsawa tana ƙirgawa. Ba ta ɗaga murya ba, ko harara ba ta yi masa ba. Cewa ta yi, "Duƙa ka ɗauko, akwai lokaci. Ka yi shi jiya, ka iya." Ni kuma ta ce, "Ƙanwata, riƙe hannunta ki yi ta yi mata magana, tana jin ki." Sai daga baya na gane aiki ta ba ni don kada kukana ya ƙara rikita yaron. Ya ɗaura, iska ta fara shiga, lamba ta soma hawa. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Madalla." Watansa biyu kacal da fara aiki, in ji shi.

Shi kuwa Baba, duk ramin da ya hango sai ya ce "Rami!" kafin ya kai, su biyun su dafe gado da ledar ƙarin ruwa. Haka har Sakkwato, kamar hannu da baki.

A Bodinga aka kira magariba. Ba wanda ya ce a tsaya. Sista ta laluba aljihu ta fito da dabino biyu, ta miƙa wa Baba ɗaya ta ƴar tagar nan, ɗayan ta raba mana ni da yaron. Ita ruwa ta kurɓa, wayarta a kunne tana gaya wa sashen gaggawa halin da ake ciki, shi ya sa muka tarar ana jiranmu. Zuwansu na uku ke nan a ranar, cikin wannan zafi.

Ya Allah, yadda suka riƙe mana uwa ka riƙe musu nasu iyayen. Ka tsare su a kan hanya dare da rana, ka kare su daga haɗari da mugun ji da mugun gani, ka sa wa abincinsu albarka, ka shirya musu zuri'a, ka sa wannan aiki ya zama sanadin shigarsu Aljanna. Amin.

Na gode wa Kawu da ya taso tun daga Illela, da maƙwabtanmu da suka riƙa kai abincin buɗa baki, da samarin unguwa da suka kwana a waje. Akwai ƴan uwa a nan Mabera da har yau ba mu ga ƙeyarsu ba, wataƙila uzuri ne, Allah ya sa lafiya.

Ɗazu da Inna ta farka ta ce min, "Ina yaran nan da sunka kawo ni?" Na ce suna kan hanya da wani marar lafiyar. Ta ɗaga hannu ta daɗe tana yi musu addu'a, ta ce a ajiye musu fura ko Allah zai sa su biyo.