Tundra ɗin gidan Alhaji da zancen 3,200

Talata, Garwa ta Kamaru. Zafi tun hantsi. Babu wuta a gareji, yara suka kwashe aiki zuwa gindin dogonyaro.

Bayan azahar Auta ya shigo da Tundra ɗin gidansu, babbar a-kori-kurar Toyota, wadda ta zo ta Duwala da sufacaja a kanta, wato na'urar cusa wa inji iska don ƙarin ƙarfi. Bai ƙarasa gaisuwa ba ya miƙo mini waya. Wani Ba'amurke ne a filin tsere, tayoyi sai hayaƙi suke.

"Kawu, kwanbata mai sitol 3,200 nake so ka yi mini oda. Irin ta wannan."

Kwanbata ita ce ke miƙa ƙarfin inji zuwa giya ta hanyar mai a mota mai giyar otomatik. Na ce to, bari mu fara jin ta bakin motar. Aka tokare tayoyi da katako, na taka birkin fakin, na sa giya a D, ƙafar hagu a kan birki, ta dama na danne totur har ƙasa. Bayan motar ya tsuguna, tayoyin baya suna neman ƙwacewa, allurar juyin inji ta hau ta cije wajen 2,300 a minti. Na saki kafin daƙiƙa 5, don a wannan ɗan lokacin duk ƙarfin inji zafi yake komawa a cikin man giya. Na ce masa ka ga inda ta tsaya? Sitol ɗin ke nan, iyakar juyin da inji ke kaiwa mota tana riƙe.

Ya ce ai shi ya sa, ya yi kaɗan.

Na zaunar da shi a benci. Injin nan mai lita 5.7 da doki 381 ya fito daga Toyota, sufacajar TRD, sashen tsere na Toyota, ta kai shi 504. Ƙarfin murɗarsa ya tashi daga wajen Nm 544 zuwa 745. Kwanbata kuwa ba ta da lamba guda da take tsayawa a kai, gwargwadon murɗar da aka ba ta ne take hawa. Sai ƙarfi ya ninka huɗu sitol ke ninka biyu, don haka ƙarin da ya samu zai ɗaga sitol da misalin kashi 17 cikin 100. Wadda aka auna 3,200 a kan inji marar sufacaja, a tasa motar tana iya haura 3,700.

Kuma sufacajarsa irin ta Eaton ce, bel ke juya ta, tana cusa iska tun inji na ƙasa-ƙasa. Ƙarfin yana nan tun daga tashi. Masu neman sitol mai tsawo su ne masu sufacajar da sai inji ya yi sama take kawo iska, ko waɗanda suka canja kamshaf don tsere. Shi me zai tsallake ya je nema a sama?

Abin da na fi nanata masa shi ne zafi. Sitol mai tsawo kamar tuƙi ne da ƙafa rabi a kan kuloci. A kwalta mai kyau kwanbata tana kullewa, ta haɗe inji da giya kai tsaye, babu damuwa. Amma motar nan buhunan albasa take ɗauka, tana shiga yashin Binuwai, tana rarrafe a ramukan hanyar Mora zuwa Waza, inda ba za ta samu kullewa ba. Ga watan Afrilu, Garwa ta wuce digiri 40. Man giya wajen 80 zuwa 90 yake so, in ya haura 120 ya fara ƙonewa, faifan giya su bi baya. Na ce a bar kwanbatar kamfani, kuɗin a sa ƙarin kula, wato na'urar sanyaya man giya, da agogon zafi, a zuba sabon WS, man giya na Toyota.

Ya saurara har ƙarshe, wannan kam na ba shi. Sannan ya miƙe yana kaɗa makulli.

"Kawu, ku dai tsoro ne ya yi muku yawa. A Njamena akwai mai yi."

Yaron da na ɗauka a kafaɗa ranar sallah. Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta zauna mini.

La'asar: birkin wata Hilux, an gama. Shayi. Wuta ta leƙo ta koma.

Bayan magariba Alhaji ya kira. "Malam, yaron nan ya ce ka ƙi masa aiki." Na fara bayani, ya katse ni da dariya: "Yi masa abin da yake so mana, in ta lalace ai kana nan."

Ina nan. Ranar da giyabos ya tsaya da kaya a bayan Waza, ba za a tuna bidiyon ba, za a ce ai garejin wane ne ya taɓa ta. Kuma giyabos ɗin Tundra ba a tsintarsa a kasuwar Garwa kamar na Hilux, sai an jira.

Uwargida ta ce na ci tuwo kamar ana bina bashi.

In ya kawo kwanbatar da kansa zan ɗaura, amma sai kula da agogon zafi sun hau tukuna, kuma gobe da safe zan je in faɗa wa Alhaji haka a zaurensa, a gaban Yaya, uwar Auta.