Lambar rasit ɗin da ta koma baya

Yau na shiga ofis raina fes, domin a daren jiya ne muka kwashe rukuni na uku na kwamfutocin kwaikwayo, wato kwamfutocin da suke gudana a matsayin manhaja a cikin babbar saba, daga ESXi na kamfanin VMware zuwa Proxmox, manhajoji biyu masu ɗaukar irin waɗannan na'urori, kuma duka biyar ɗin sun tashi kafin mu rufe ɗakin saba. Wanda ya karanta abin da na rubuta a makon rukunin farko zai tuna yadda shuɗin allon Windows mai lamba 0x7B ya hana mu barci, lokacin da muka haɗa faifan tashi kai tsaye ta VirtIO, hanyar haɗa faifai mai sauri a Proxmox, alhali na'urar ba ta da direbansa. Yanzu Auta, yaron da yake aiki a ƙarƙashina, ya haddace hanyar kamar karatu. Yakan cire VMware Tools, wato direbobin da na'ura take amfani da su a ESXi, tun na'ura tana tsohon gidanta, ya rubuta adireshin IP da lambar MAC a takarda, ya duba ko da BIOS take tashi ko da UEFI don ya san ko SeaBIOS zai ba ta ko OVMF, takwarorinsu a Proxmox. Bayan ƙaura kuma sai ya tashe ta da faifan a kan SATA, ya liƙa mata wani ɗan ƙaramin faifai ta VirtIO SCSI har Windows ya karɓi direban, sannan ya mayar da babban faifan can. Na ji daɗin aikinsa har na gaya wa Yallaɓai da safe cewa idan aka ci gaba a haka za mu gama canza haifabaiza, wato barin ESXi gaba ɗaya, kafin wa'adin lasisinmu na VMware ya cika.

Sabar sashen kuɗi kuwa da hannuna na ɗauke ta. Proxmox yana da hanyar shigo da na'ura daga ESXi tun siga ta 8.2 da ta fito a Afrilun 2024, wadda take jawo na'urar tare da saitinta, kuma da ita muka yi sauran huɗun. Amma faifan wannan sabar shi ne mafi girma, ni kuma ina son mu gama kafin dare ya raba, don haka na kashe ta, na kwafe babban fayil ɗin VMDK, wato fayil ɗin faifanta, zuwa ma'ajiyar da ESXi da Proxmox duka suke gani, na juya shi zuwa qcow2, tsarin faifan da Proxmox yake amfani da shi, da manhajar qemu-img, na haɗa shi da sabuwar na'urar da na ƙera. Ta tashi, na shigar mata da adireshinta, ta amsa kira a netwok, manhajar lissafi ta buɗe shafin shiga, sai na sa mata alamar kore a jadawalina. Abu ɗaya kawai na lura da shi, wato VMware Tools yana nan daram a cikinta. Na ce a raina Auta ya tsallake wannan, kuma da safe na yi masa magana. Ya ce, "Wallahi Oga na cire shi, har na sake kunna ta na tabbatar." Na ce masa ya riƙa duba aikinsa sau biyu, na wuce.

Wajen ƙarfe goma saura Hajiya ta sashen kuɗi ta kira ni a waya, kuma maganarta ta farko ita ce, "Injiniya, wannan ba sabarmu ba ce."

Na ce, "Ita ce, Hajiya, gida kawai ta canza. Ki fita daga manhajar ki sake shiga, wataƙila kwamfutarki ce take riƙe da tsohon shafi."

Ta ce ta riga ta yi hakan sau biyu, kuma ita ba ta ce manhajar ta ƙi buɗewa ba. Abin da ya tsayar da ita shi ne rasit ɗin da ta fitar yanzu, wanda lambarsa ta riga ta ba wani da ita tun watanni uku da suka wuce. Maimakon in tsaya a kan wannan maganar, sai na shiga kawo mata dalilai. Na ce mai yiwuwa wani ya taɓa tacewar kwanan wata, na ce mai yiwuwa agogon sabar ne ya kauce bayan ƙaura, wanda abu ne da yake faruwa, kuma na buɗe na duba na ga agogon daidai yake. Duk wannan lokacin idona yana kan allon Proxmox, inda na'urar take gudana lafiya, babu nauyi a kan furosesa, babu kuskure a faifai. Daga nan na faɗi maganar da har yanzu take ci mini rai: "Komai kore ne a nan, ranki ya daɗe."

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ɗana, ni ban san abin da kuka yi da daddare ba, kuma ban san koren da kake gani ba. Abin da na sani shi ne lambar da na tsaya a kanta jiya da yamma, domin a littafina na rubuta ta da biro. Ka hawo ka gani."

Babu faɗa a muryarta, kuma da ta yi faɗan da wataƙila abin ya fi mini sauƙi. Na hau, ta ajiye littafin kusa da allo, ta sa yatsa a kan lambar jiya, sannan ta nuna mini jerin da ke cikin manhajar. Shigarwa ta ƙarshe kafin ta yau tun watanni uku ce, kuma duk abin da sashenta ya rubuta a tsakani babu shi. Na roƙe ta ta tsayar da yaranta nan take, amma kafin nan sun riga sun fitar da rasit bakwai, kowanne ɗauke da lambar da wani mutum daban yake riƙe da irinta a hannunsa. Minti goma na ɓata ina gardama da ita a waya, kuma biyu daga cikin bakwai ɗin a cikin waɗannan mintuna aka fitar da su.

Da na sauko na buɗe ma'ajiyar ESXi, ban yi minti ɗaya ba na ga abin da ya faru. Kusa da fayil ɗin da na kwafe akwai wani mai suna iri ɗaya da ƙarin 000001 a ƙarshensa, kuma kwanan watan da ke kan babban fayil ɗin na watanni uku baya ne, shi kuwa ɗan'uwansa na daren jiya. Wato akwai sinafshot a kan na'urar, hoton halin da take ciki a wani lokaci wanda za a iya komawa gare shi. Idan aka ɗauki sinafshot, ESXi yakan daina rubutu a kan asalin faifan, ya bar shi kamar yadda yake a wannan lokacin, duk sabon rubutu kuma ya riƙa shiga wani fayil na daban wanda ba ya ɗauke da komai sai bambancin. Na'urar tana ganin faifai ɗaya, amma a ƙasa guda biyu ne a jere, kuma fayil ɗin saiti na VMX yana faɗin wanda ake amfani da shi a fili, ga duk wanda ya buɗe ya karanta layin faifan. Ni ban buɗe ba. Na ɗauki fayil mafi girma na ɗauka shi ne faifan, sai na kai sabar Hajiya sabon gida kamar yadda take watanni uku da suka wuce, lafiya lau, ba tare da wani lahani da allo zai iya nuna mini ba.

Sunan sinafshot ɗin "kafin sabuntawa", kuma rubutuna ne. Ni na ɗauke shi ranar da muka sabunta manhajar lissafi, da niyyar in cire shi bayan kwana biyu. Shawarar VMware kanta ita ce kada sinafshot ya wuce sa'o'i 72, kuma na sha maimaita wa Auta wannan adadin.

A nan ne kuma maganar safe ta dawo mini. Auta ya cire VMware Tools kamar yadda ya faɗa, amma cirewar, kamar kowane rubutu, ta shiga fayil ɗin bambanci ne, wanda na bari a baya. Ganin manhajar a cikin sabuwar na'urar tun daren jiya shaida ce ƙarara cewa tsohon faifai nake kallo, kuma da na tsaya na tambayi kaina yadda aka yi abin da aka cire ya dawo, da na gane kafin kowa ya zo ofis. Abin da ya fi zo mini kusa shi ne in ce yaro ya yi sakaci. Ba a haɗa wannan sabar da domen ɗin Windows, tsarin da ke kula da shigar kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya, ba, in da an haɗa ta, da kalmar sirrin na'ura da take sauyawa kusan duk kwana 30 ta tona asirin tun shigata ta farko. Na yi tunanin wannan na ɗan lokaci, amma ban ga amfanin jingina da shi ba, tunda alamar da ta isa ta riga ta zo mini na ture ta.

Gyaran bai ɗauki dogon lokaci ba, saboda dokar da muka kafa tun rukunin farko ta cewa ba a goge tsohuwar na'ura, kashe ta kawai ake yi a hana ta tashi da kanta. Na fitar da bayanan rasit bakwai ɗin daga sabuwar, na kashe ta, na cire mata katin netwok, domin adireshinsu ɗaya da lambar MAC ɗaya, kuma bai kamata su haɗu a raye ba. Na kunna tsohuwar a ESXi, na mayar mata da VMware Tools saboda direban katin netwok ɗinta na vmxnet3 ya tafi tare da shi, na shigar da adireshin daga takardar Auta. Kafin ƙarfe sha ɗaya da rabi Hajiya ta ga lambarta ta jiya.

Ita ce ta yi sauran aikin, wanda ya fi nawa wuya. Ta sake fitar da rasit bakwai ɗin da lambobi na gaskiya, ta bi mutanen ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri a dawo da na farkon, kuma ban ji ta ambaci sashenmu ga kowa ba.

Da rana na yi cikakken kwafin ajiya na tsohuwar sabar, sannan na nuna wa Auta yadda ake haɗe sinafshot. Ya firgita da ya ga maɓallin da zan danna yana cewa a goge, ya riƙe mini hannu ya ce, "Oga, aikin wata ukun nan fa?" Na bayyana masa cewa a ESXi goge sinafshot yana nufin a zuba bambancin cikin asalin faifan, abin da yake ɓacewa shi ne damar komawa baya, mayar da na'ura kan sinafshot kuma shi ne yake watsar da sabon aiki. Ya sa na maimaita masa, ya rubuta a takardarsa. A nan na ba shi haƙuri a kan maganar safe, ya ce ba komai, amma na ga yadda ya sauke ajiyar zuciya, na gane cewa tun safe yake ta juya abin yana shakkar idonsa.

Bayan an tashi na zauna na buɗe fayil ɗin VMX na duk na'urorin da muka riga muka kwashe, na karanta layin faifan kowace, na kwatanta da abin da ke Proxmox. Ban sami wata mai irin wannan matsalar ba, amma a cikin waɗanda suka rage na sami biyu masu tsofaffin sinafshot. Na kuma dubi jadawalina da kyau. Ginshiƙansa su ne ta tashi, ta sami adireshi, ta amsa kira, manhaja ta buɗe, an sa wakilin QEMU da Proxmox yake magana da na'ura ta hanyarsa, an shigar da ita jerin kwafin ajiya. Babu ko ɗaya da yake tambayar ko bayanan da ke ciki na jiya ne, kuma rukuni uku muka kwashe da wannan jadawalin. Na ƙara ginshiƙi biyu, ɗaya na duba sinafshot kafin a taɓa faifai, ɗaya kuma na mai na'urar, inda zai faɗi abu na ƙarshe da ya shigar kafin a kashe ta, ya kuma gan shi da idonsa bayan ta tashi kafin a buɗe wa sauran ma'aikata.

Yallaɓai ya leƙo yana tambayar ko za a iya share tsohuwar sabar farko a wannan makon a sa mata Proxmox ta shiga cikin sababbin sabobin, tunda na ce masa da safe komai yana tafiya daidai. Na gaya masa abin da ya faru ba tare da na rage komai ba, na roƙi a ƙara mini mako biyu kafin a goge ko da na'ura ɗaya. Ya amince, bai ce komai a kai ba.

Na hau sama don in ba Hajiya haƙuri, na tarar ta riga ta tafi. Na fara rubuta mata saƙo, na ga maganar ba ta waya ba ce, na goge. Ranar Asabar da daddare za mu sake kwashe sabar tata, kuma gobe da safe zan je ofishinta kafin in buɗe kowane allo, in faɗi abin da zan faɗa, sannan in roƙe ta ta ba ni lambar ƙarshe daga littafinta ranar Juma'a da yamma.