Gazuwal ko esansi: kafin ka biya kuɗin tsohuwar Hiace ko Hilux a Maraɗi

A tasha da garaji magana ɗaya ake ji: motar gazuwal ba ta shan mai. Ba ƙarya ba ne, sai dai a Nijar litar gazuwal ta fi ta esansi tsada, kuma da yawa sukan sayi mota ba su sa wannan cikin lissafi ba. A watan Agustan 2022 aka ɗaga gazuwal daga sefa 538 zuwa 668. A Yulin 2024 gwamnati ta rage farashi, esansi ya koma 499, gazuwal 618. Tazarar sefa 119 ke nan a kowace lita.

Mu ɗauki Hiace biyu sa'annin juna, kowace cike da fasinja, ga kaya a bisa. A ce mai injin 3L na gazuwal tana shan lita 10 a kilomita 100, mai injin 1RZ na esansi tana shan 13. A wancan farashi ta farko ta ƙone sefa 6,180, ta biyu 6,487. In ta esansin ta gaji har tana shan lita 14, tazarar ta kai 800 da ƴan kai. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, wajen kilomita 240, abin da mai gazuwal zai tsira da shi bai wuce tsakanin sefa 700 da jika biyu ba. Riba ce, amma gyaran pompi, wato famfon da ke tura gazuwal cikin inji, sau ɗaya yana iya lashe ta watanni da dama.

A da lissafin ma ya fi haka karkata. Shekara da shekaru ruwa-ruwa, wato esansin sumoga daga Najeriya, na shigowa ta Jibiya da Ɗan Issa da arha, saboda tallafin Najeriya a kan fetur yake, gazuwal ba ya ciki. Da aka cire tallafin a watan Mayun 2023 wannan garaɓasar ta wuce.

To me ake saye in an sayi gazuwal? Ja ake saye. Injin gazuwal ba shi da buji mai tartsatsi. Iska yake matsewa kusan ninki 22 har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, na esansi kuwa wajen ninki 9 yake matsewa. Shi ya sa ƙarfinsa ke fitowa tun inji na juyawa a hankali. Hilux ɗauke da buhunan gero da wake, ta bar kwalta ta faɗa rairayin ƙauyukan Dakoro ko Mayahi, mai gazuwal sai ta yi ta tafiya a giya ta biyu tana gurnani. Ta esansi sai an taka mata wuta ana wasa da kuloci, a nan kulocin ke ƙonewa, a nan kuma lita 13 ɗin ke zama tatsuniya. Da damina ma babu distiribita da ruwa zai jiƙa ya kashe mota a tsakiyar kwari.

Amma injinan Toyota na gidan L, wato 2L mai lita 2.4, 3L mai 2.8 da 5L mai 3.0, suna da abubuwa uku da ba sa yafewa.

Babba shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu, rana ta haura digiri 40, mota na ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta, allura ta hau ja sau ɗaya, kulas, wato kan inji, na iya tsagewa tsakanin bawul da bawul. 2L-T mai turbo da 1KZ sun yi suna a wannan ciwo. Laifin galibi ba na injin ba ne. Ruwan rijiya da ake ɗura wa radiyata kullum yana barin tsatsa da farar ƙasa, su toshe ƴan bututun ciki. Murfin radiyata da robarsa ta mutu ba ya riƙe matsi, ruwa sai ya tafasa da wuri. Fankar da ke aiki da man silikon takan saki: tana juyawa, ido na ganinta, amma ba ta jan iska. In inji ya yi zafi aka kashe shi, ka juya fankar da hannu. In ta tafi fir babu turjiya, ta gama aiki. Sai kuma al'adar cire tamostat a jefar, wai don mota ta yi sanyi. Wannan rufe ciwo ne, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ringi na ci, radiyatar da ta toshe kuma tana nan yadda take.

Sai pompi. Pompin waɗannan injina da gazuwal ɗin kansa yake samun santsi, babu wani mai da ke shafa cikinsa. Gazuwal da aka haɗa da kananzir ya rasa santsin, wanda ya sha ruwa a durom kuwa tsatsa yake sawa. Ƙarƙashin filtar mai akwai wurin da ruwa ke kwanciya, da ɗan makunni na roba. A kwance shi, a danna famfon hannu da ke saman filtar har ruwan ya fita, tsantsar mai ya biyo, sannan a ɗaure. Aikin minti biyar ne, kuma fitilar da ke gargaɗi a kansa a tsofaffin motoci da wuya ka tarar tana aiki. Kada a bar tanki ya ƙafe, domin pompi zai ja iska da dattin ƙasa. Gyaran pompi da enjekta, masu fesa mai cikin inji, kuma ba aikin gindin bishiya ba ne, sai mai injin gwaji.

Na ukun bel ɗin taimin ne, kuruwa a bakin makanikai. Ana canza shi duk kilomita 100,000, tare da bori mai ɗaure shi. In ya tsinke mota na tafiya, fistan ya daki bawul, aiki ya koma buɗe inji. Motar da ta zo ta Kwatano ba ka san yaushe aka taɓa shi ba, don haka ka canza tun ranar farko, kada ka yarda da abin da mita ta nuna.

Sauran ɗawainiyar ƙanana ce amma ba ta yankewa: juyen mai duk kilomita 5,000 da 15W-40, wajen lita 6, alhali na esansi lita 4 da ɗan ƙari ya ishe shi. Batir babba. Filtar iska lokacin hunturu a riƙa hure ta daga ciki zuwa waje, in ta huje a jefar, ƙura ita ke cinye silinda.

Na esansi labarinsa gajere ne, kuma wannan yabo ne. 1RZ, 2RZ, 3RZ, 22R da tsofaffin 3Y da 4Y duk sarƙa ke gare su a maimakon bel. Ciwonsu datti a karbureta, buji, kwayil, kuma kowane makanike daga Tasawa zuwa Gidan Rumji zai taɓa su da sukundireba da sifana. A 22R dai a saurari ƙarar sarƙa da safe: robar da take gogawa a kai takan karye, sarƙar ta ci murfin gaba har ruwa ya haɗu da mai. Mai zuba man kwalba kuma ya sa ƙaramar filta kafin karbureta, ya riƙa canza ta.

A ganina, mai kabu-kabu cikin gari, mai kai kaya daga babbar kasuwa zuwa unguwanni, da mai mota ɗaya tilo wadda in ta kwanta gida ya kwanta, esansi ya fi masa kwanciyar hankali. Mai dogon zango kullum da mai cin kasuwannin ƙauye da kaya masu nauyi, gazuwal ne nasa, in har yana da mai pompin da ya amince da shi. Injinan gazuwal na baya-baya da ake kira D-4D kuwa, wato 2KD da 1KD, kada a haɗa su da gidan L. Tsohuwar enjekta tana buɗewa a matsin wajen bar 150, tasu tana aiki a sama da 1,000, kwamfuta ke ba ta umarni, kuma ruwa kaɗan cikin mai ya isa ya kashe duka huɗun.

Ranar duba mota ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga ka tayar da ita, ka dawo gobe. Lafiyayyen gazuwal, da fitilar ɗumama buji ta mutu, bugu ɗaya yake kamawa. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko pompi ne ko ruwa na shiga silinda. Shuɗi mai yake ƙonawa, baƙi kuma enjekta ne ko filtar iska. Inji na aiki, kwance murfin mai ka aza shi a bakin ramin: in yana rawa kaɗan ba komai, in iska na cilla shi ringi sun tafi. Tun inji na sanyi ka buɗe radiyata, ka tayar da shi ka leƙa, kumfar da ke tasowa ba fasawa alamar gasket ce ko tsagar kulas. In akwai ma'aunin matsi, sabon 3L yana ba da wajen bar 30, kuma duk silindar da ta faɗi ƙasa da 20, ka cire kuɗin buɗe inji daga farashin kafin a yi sallama.